Fitilar Hajiya

Tsoho idan ya tashi cikin dare, ba duhu kaɗai ke kayar da shi ba, har da haske. Shekaru idan suka miƙa, ƙofar da haske ke bi ya shiga ido takan ƙanƙance, idon kuma ya riƙa jinkirin sabawa in an fito da shi daga duhu. In yanar ido ta fara sauka abin ya ƙara muni, domin farin ƙwan lantarki na kamawa sai hasken ya tarwatse a cikin idon, mutum ya tsaya cak a tsakiyar ɗakinsa ba ya ganin komai sai fari fat. Shi ya sa tsofaffi da yawa suke gwammace su lallaɓa cikin duhu suna dafa bango da su kunna fitila. Mu 'ya'yansu mukan ɗauka tsimin wuta ne, ko taurin kai irin na tsufa.

Haka mahaifiyata take yi a ɗakinta a Zariya. Makunnin fitilar yana bakin ƙofa, inda masu wayarin suka saba sa shi don mai shigowa, gadonta kuwa yana can ƙurya. Ba wanda ya yi tunanin wadda za ta farka a kan gado ta nufi bayi yin alwala. Wani dare ta yi tuntuɓe da buta, ta zube a kan gwiwa da ƙugu. Allah ya tsare babu karaya, amma ta jima tana salla a zaune. Ni ne ɗan fari, Hajiya kuwa irin matan da ce masu alkunya. Ba ta kiran sunana, ba ta kawo mini kuka, in na tambayi lafiyarta amsar ba ta wuce "Alhamdu lillahi". Labarin faɗuwar daga bakin ƙanwata na ji shi, wadda ta dawo gidan da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta, shi ma sai bayan kumburin ya sauka.

A 2022 ke nan, cikin watannin da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna yake ajiye bayan harin 28 ga Maris, hanyar mota kuma kowa na shigarta da addu'a a baki. Ina aiki a Abuja, zuwa gida ya ja baya, ga uzurin da ba mai musa mini. Sai na ƙudura in yi mata fitilar da za ta iya kunnawa daga kan gado, wadda za ta taso a hankali, a kuma iya rage ta ko ƙara ta. Dalilin da na faɗa wa kowa ke nan, kuma gaskiya ne. Akwai na biyu da na riƙe a ciki: ina son in riƙa taɓa ɗakin daga inda nake, in sami abin da zan danna a waya in ji kamar ina cikin gidan.

Dabarar ta daɗe a duniya. Tun 1975 wani kamfani mai suna Pico Electronics a garin Glenrothes na Sikotilan ya fito da tsarin X10, mai aika umarni ta cikin wayoyin lantarkin gida su kansu. A cusa ɗan akwati a soket, a jona fitila a jikinsa, a murɗa 'yan maɓallai biyu a ba shi adireshi, harafi ɗaya daga A zuwa P da lamba ɗaya daga 1 zuwa 16, gida guda ya ɗauki na'urori 256. Amurkawa sun yi shekaru suna rage fitilun falonsu da shi. Sai dai an gina shi ne a kan cewa wutar gida tushenta ɗaya kuma ba ta yankewa. Gidanmu wuta uku yake sha, ta babban layi, ta janareto da ta inbata, kullum ana sauya layi, alhali saƙon X10 ko tsallakawa daga fes zuwa fes yakan gagare shi sai an taimaka masa. Na karanta labarinsa na wuce.

Abin da ke kasuwa yau iri biyu ne. Akwai ƙwan da aka sa wa ƙwaƙwalwa a gindinsa, ka ɗaura kawai ka haɗa da waya. Akwai kuma ɗan akwati mai girman kwalin ashana da ake ɓoyewa a bayan makunnin bango, ya shiga tsakanin wuta da ƙwai. Na farkon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ba don gidajenmu aka yi shi ba. Ƙwan yana bukatar wuta a jikinsa dare da rana kafin ya ji umarni, don haka da zarar wani ya kashe makunnin bango ya mutu ke nan, waya ba ta da iko a kansa. Wa zai kafa wa tsohuwa da tarin jikoki dokar kada a sake taɓa makunni? Bugu da ƙari, da yawansu an tsara su ne in wuta ta dawo su kama da cikakken haske, saboda a inda aka ƙera su dawowar wuta na nufin wani ya danna makunni. A nan kuwa tana nufin an kawo wuta ƙarfe biyun dare. Akwatin bayan makunni ya fi wuyar sawa, amma yana barin makunni da aikinsa, kuma ana iya gaya masa abin da zai yi in wuta ta dawo, ko ya zauna a kashe ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Mai saye a ƙasar nan wannan saitin ya kamata ya fara tambaya, tun kafin ya tambayi kuɗi.

Yadda ake rage hasken ma yana da labari. Wutarmu mai bolt 230 tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, wato tana ratsa sifili sau 100. Na'urar rage haske yanka take yi: a kowane rabin zango ta tare wutar na ɗan lokaci sannan ta sake ta, kuma gwargwadon abin da ta yanke gwargwadon dushewar fitila. Wani Ba'amurke, Joel Spira, shi ya ƙera irinta ta gida a 1959, ya kafa kamfanin Lutron a 1961. Tsohon ƙwai mai zare bai damu da wannan yanka ba, don zarensa ba ya samun sukunin hucewa tsakanin yanka da yanka, sai dai ya yi ja ya dushe. Ƙwan LED kuwa a gindinsa akwai 'yar na'urar da aikinta shi ne ta ba shi wuta daidai wa daida ko me ya faru a layi. Ka yanka mata wuta sai ta shiga kokawar cike giɓin, ƙwai ya yi ta ƙyaftawa, ko ya riƙa ƙugi, ko ya riƙe haskensa har ka sauko ƙasa sannan ya mutu farat ɗaya. Yankan ma iri biyu ne, na farkon zango da na ƙarshensa, kuma LED ya fi jituwa da na ƙarshen.

Ƙwan da aka yi don a rage shi akan rubuta hakan a kwalinsa, kuma shi ya fi komai wuyar samu. A Sabon Gari duk shagon da na shiga sai mai shago ya ce, "Alhaji, ai duk suna yi," ya jona ɗaya a allonsa ya haske mini fuska. Ba yaudara yake nufi ba, a wurinsa ƙwan da ya kama ya yi. Kasuwarmu ta cika da fari ƙal mai lamba 6500K, wanda muke so don muna ganin ya fi ƙarfi. Na dare kuwa mai 2700K ake nema, mai ruwan ɗorawa, wanda ba ya soke ido. Daga ƙarshe daga Legas aka aiko mini da shi, wat 9, haskensa kwatankwacin tsohon ƙwai mai wat 60. Na sayi na ajiya, domin ranar da ya ƙone, wanda ke kusa na kanti zai ɗauko ya ɗaura, a koma gidan jiya.

Mai gyaran wutar unguwarmu dattijo ne da ya yi wayarin rabin gidajen layin. Ya juya akwatin a hannunsa, ya duba zanen da ke jiki, ya ce, "Wannan yana son nutural. Makunninku kuwa ba nutural." Gaskiyarsa. A yawancin gidajenmu waya biyu ke saukowa makunni, mai kawo wuta da mai kai ta ga ƙwai, baƙar wayar da wuta ke komawa ta cikinta tana can sama. Makunnin hannu ba ruwansa da ita, amma akwatin yana bukatar tasa wutar ko fitila na kashe. Akwai waɗanda aka yi su don su yi aiki ba nutural, suna satar 'yar wuta ta cikin ƙwan, sai dai da ƙaramin LED wannan satar takan sa ƙwai ya riƙa ɗan haske bayan an kashe shi, sai an ƙara masa wani abu a gefe da zai shanye ta. Na ce to mu sa akwatin a silin, inda wayoyin suke duka. Ya ce, "Yallaɓai, ka taɓa shiga silin a watan Afrilu? Ƙarƙashin kwano ne fa. Dahuwa zai yi." Sai ya zaro nutural ta cikin bututu ya sauko da ita, ya ƙwaƙule bango, ya cire akwatin ƙarfen da makunni ke ciki ya sa na roba mai zurfi, don ƙarfe yana tare sabis.

Ana cikin ɗauke wuta muka fara aikin, duk da haka sai da ya je da ƙafarsa ya kashe inbata, ya sauke babban makunni, sannan ya gwada kowace waya da mita. Bai yarda da launin waya ba. Ya ce ya shiga gidajen da ja ne nutural, baƙi ne mai wuta. A gidan da ke da inbata, jin an ce "an ɗauke" ba ya nufin waya ta mutu.

Mun ɗora fitilar a layin inbata da sola, tare da 'yar na'urar Wi-Fi mai layin waya a ciki. Nan ma da sharaɗi. Inbata mai araha takan fitar da wuta mai kusurwa-kusurwa maimakon mai lanƙwasa sumul irin ta babban layi, na'urar rage haske kuwa da siffar zangon take lissafi, sai ta rikice ta yi ta ƙugi. An yi sa'a tamu mai sumul ce. Sannan irin waɗannan akwatuna kusan duk a Wi-Fi mai 2.4 GHz suke magana, ba sa ganin na 5 GHz, wanda bai sani ba zai rantse lalataccen kaya aka sayar masa. Makunnin bango muka canja shi da irin na ƙararrawar ƙofa, mai dawowa da kansa: ka danna ta kama ko ta mutu, ka riƙe haske ya hau ko ya sauka. Na gefen gado ɗan rimot ne mai batir da ke magana da akwatin kai tsaye ta rediyo, a zangon 433 MHz, ba ruwansa da intanet. Muka manna shi a katakon gado, daidai inda hannunta ke sauka. Na saita fitilar ta riƙa tasowa a kashi 10 cikin ɗari. A rubuce kamar ya yi kaɗan, amma hasken da mita ta ce kashi 10 ne, ido kan gan shi kusan kashi 30.

Na shirya dogon bayani, Hajiya ba ta bukace shi ba. Ta riƙe maɓallin haske ya hau, ta saki, ta sake riƙewa ya sauka. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Ashe lagwani ne." Matar da ta raini 'ya'ya a hasken fitilar ƙwai ta san rage haske tun kafin a haife ni. In za a kwanta a murɗa lagwani ƙasa, kananzir ya yi auki, mai jego ta riƙa ganin jaririnta. Lantarki ne ya zo ya raba mutane da wannan, ya bar su da zaɓi biyu, ko haske tar ko duhu dundum. Ta sa albarka yadda ta saba, ina zaune a gabanta: "Ki ce masa Allah ya yi albarka."

Daren da na koma Abuja na kira ƙanwata na ce ta shiga ɗakin ta tsaya. Na ja yatsa a fuskar waya, ta rafka salati, yara suka ɗau ihu. Daɗin da na ji ya wuce na ɗa mai hidima, akwai daɗin iko a ciki. Sai na fara ƙari. Na tsara fitilar ta riƙa tasowa da kanta gabanin asuba, ta dushe bayan isha'i. Tsarin bai yi nisa ba, domin lokacin asuba yana motsawa da watanni, barcin tsohuwa kuma ba ya bin agogo. Hajiya ta aiko a gaya mini ba ta son fitilar da ke kunna kanta, jikoki ma sun fara ƙin shiga ɗakin su kaɗai. Na yi dariya na goge tsarin. Shafin tarihi ne ban goge ba.

Manhajar tana rubuta duk abin da ya sami fitilar, ƙarfe nawa aka kunna, a kashi nawa, ƙarfe nawa aka kashe. Ba ni na nema ba, haka ta zo. Da safe tun kafin in wanke ido sai in buɗe. An kunna ɗaya da rabi, an kashe biyu saura: bayi ke nan. An kunna uku da kwata, an ƙara haske, ba a kashe ba sai bayan asuba: nafila da karatu ke nan. Ba a jima ba na san daren mahaifiyata fiye da yadda na san shi ina yaro a gidan. Na san daren da gwiwa ta hana ta barci, na san wanda ta makara. Kuma a hankali, ba tare da na taɓa zama na yanke shawarar hakan ba, kiran waya ya ragu. Me zan kira in tambaya, na riga na ga ta tashi lafiya? Jirgin ƙasa ya dawo aiki a Disamban 2022, uzurina ya ƙare, amma zuwana bai koma yadda yake ba. Na sami abin da ke kashe mini ƙishirwar labarinta, ita kuwa ba ta samun komai daga wurina, ko muryar da ta saba ji.

Akwai daren da na farka wajen ƙarfe huɗu na duba ban ga komai ba. Manhajar ta rubuta ƙarara cewa fitilar ba ta kan layi, amma mai tsoro ba ya karatu. Na kira ƙanwata ba ta ɗauka ba, na kira ɗanta, na kira maƙwabci, har sai da aka buga ƙofar gida aka tashi kowa. Aka tarar da Hajiya a kan sallaya, fitila na ci. Data ce ta ƙare. Aka yi ta dariya, ana cewa Yaya ya cika damuwa. Ita ba ta yi dariya ba, ta dai tambayi ƙanwata me ya sa na yi zaton ba ta tashi ba. Ƙanwata ta ce ai na'urar ce, aka bar maganar.

Ni na ƙarasa fahimtar da ita da bakina, a Babbar Salla. Ɗaki cike da ƙannenta da surukai, ana hirar ciwon ƙafa, sai na ce, "Hajiya, ai ke ma ba kya hutawa. Kullum uku da kwata kin tashi, sai bayan asuba. Ki riƙa rage wa kanki." Da alfahari na faɗa, irin na ɗan da ya san halin uwarsa. Wata ƙanwarta ta ce, "Masha Allah, Yaya, Allah ya karɓa." Hajiya ta sunkuyar da kai ta ja carbinta, ba ta ce uffan ba.

Daga makon nan shafin ya yi shiru. Fitila ta kama da magariba, ta mutu bayan isha'i, shi ke nan har gari ya waye. Na zargi akwatin, na aika a duba shi, aka ce lafiyarsa ƙalau. Ƙanwata ce ta kira ni. Ta ce, "Yaya, Hajiya fa ta koma tashi cikin duhu. Jiya na gan ta tana dafa bango." Na ce saboda me? Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Cewa ta yi abin da take yi tsakaninta da Ubangijinta ne. Ta ce shekara da shekaru ko Baba bai taɓa ƙirga mata ba, yanzu an sa mata mai gadi." Matar da na kashe kuɗi don kada ta sake faɗuwa ta gwammace faɗuwar da a riƙa leƙa ta.

Mu da muka yi Islamiyya mun karanta a Suratun Nur lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan isha'i. Baligi kuwa kullum sai ya nema. Biyu daga cikin lokutan nan su ne daidai waɗanda nake bibiya, ba sallama, ba amsa. Abin da ya ruɗe ni shi ne babu kyamara babu makirufo, lambobi ne kawai, sai na ɗauka wannan ba gani ba ne. Amma wanda ya san lokacin da kake kunna fitila da kashe ta ya san barcinka, da yawan zuwanka bayi, da ibadarka, da ranar da ba ka kwana a gida ba. Kuma ba a wayata kaɗai shafin yake ba. Umarnin da nake bayarwa daga Abuja ba ya miƙewa Zariya kai tsaye, sai ya biya ta kwamfutocin kamfanin, kuma a can ake ajiye tarihin. Tsohuwar da ke ɓoye sadakarta ko daga 'ya'yanta, ga darenta a rubuce a wurin da ba ta taɓa jin sunansa ba.

Matata ba ta yarda da ni gaba ɗaya ba, har yau ma ba mu daidaita ba. Ma'aikaciyar jinya ce, ta ga tsofaffin da suka faɗi cikin dare ba a gano ba sai da safe, ta san karayar ƙugu ga mai shekarun Hajiya sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi. Ta ce kunya ba ta ɗora ƙashi. In sa ido ne zai sa a kai mata ɗauki da wuri, a sa, ta yi fushinta ta huce. Maganarta tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai sa idon da nake yi bai taɓa zama irin wanda take nufi ba. Da Hajiya za ta faɗi ƙarfe uku, ni ina barci a Abuja, sai da safe zan duba, abin da zan gani kuma fitila ce a kunne, wato alamar lafiya. Shafin bai kare ta daga komai ba, ni yake kwantar wa hankali. A kan wannan matata ta yi shiru, amma ta ce in dai akwai na'urar da ke gane faɗuwa da gaske, ita har gobe tana kan bakanta.

Na je Zariya na zauna a bakin ƙofarta, ƙanwata a tsakani, aka yi maganar yadda ake yi da ita, a kaikaice. Ban ja dogon ban-haƙuri ba, don ba ta son a sa ta amsa irin wannan a gaban ɗan fari. Aka canja kalmar sirrin Wi-Fi, akwatin ya rasa hanyar fita waje, saitinsa kuma na nan a cikinsa. Na miƙa wa ƙanwata wayata ta goge manhajar a gaban Hajiya. Masu sha'awar harkar za su ce da wata mafita, a ajiye 'yar kwamfuta a gida a sa mata Home Assistant, manhajar kyauta da aka fara a 2013, komai ya tsaya a cikin gida ba sai ya biya ta kamfani ba. Haka ne, kuma ya fi. Amma ita ma tana rubuta tarihi, kuma na san wanda zai riƙa karanta shi.

Sannan na tambaya ko akwai abin da za ta yarda da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abu biyu ta zaɓa: babbar jikarta ta dawo kwana a ɗakin, a kuma sa mata ƙararrawa marar waya, maɓalli a gefen gado kusa da na fitila, mai kaɗawa a ɗakin ƙanwata. Ita ke dannawa in ta ga dama. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma wanda zai ji shi ne wanda zai iya isa gare ta da taku goma. Labarinta kuma ya koma hanyarsa ta da: in kira, ta ce "Alhamdu lillahi", in karɓi sauran daga ƙanwata, in kuma abin bai gamsar da ni ba in kama hanya.

Ribar da ban lissafa ba ta fito a Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da aka koma dogara da shi kuma shi ma ya faɗi. Sabis ya yi ta yankewa a unguwarmu, fitilar Hajiya kuwa ba ta san ana yi ba, sola na cika batir, rimot na magana da akwati. A Amurka ma an ga irinta ta wata fuskar a Afrilun 2022, sa'ad da kamfanin Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, manhajar mutane ta daina aiki dare ɗaya, sai da wasu masu amfani da kayan suka haɗa kai suka saye shi. Abokan da ke neman shawarata nakan ce musu kafin su sallami mai gyaran wuta su zare Wi-Fi daga soket, su miƙa wa mai ɗakin maɓalli, su ga ko zai iya kunnawa da ragewa da kashewa.

Da bazara ta shigo ƙanwata ta kira ta ce Hajiya na tambaya ko za a yi mata irin na fitila a fanka, tunda regiletar ita ma tana bakin ƙofa, amma a tabbatar ba mai kai rahoto ba ne. Akwatin fitila ba ya yi wa fanka, yankan wuta yakan sa motar ta yi ƙugi ta ɗau zafi. Fanka nata akwatin daban ne, mai rage gudu mataki-mataki da kafasita. Na samo mai rimot zalla. Mai gyaran wuta ya duba ya ce tunda nutural ta riga ta sauko aikin ba wuya, damuwarsa ɗaya, maɓallai sun zama uku a gefen gado kuma duk kusan siffarsu guda, kada ta nemi iska cikin dare ta tashi gida da ƙararrawa. Ƙanwata ta ce ya bar mata wannan, za ta naɗe na fankar da ƙyalle.